Ɗakin taron ƙauyenmu: a gyara shi ko a yanka shi shaguna?

Ɗan Ƙauye:
Assalamu alaikum. A ƙauyenmu akwai ɗakin taro da iyayenmu suka gina da aikin gayya, wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, ƙaramar hukuma kuma ta ba da kwanon rufi. Yanzu rufin yana yoyo, jemagu sun mamaye shi, har matasa suna ganin gara a yanka shi shaguna a riƙa karɓar haya. Kafin ƙungiyarmu ta yanke shawara, ina roƙon masana su gaya mana asalin irin wannan ɗaki a karkara, da kuma ko yana da sauran aikin da zaure da masallaci ba za su iya ɗauka ba.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. A da, shawarar gari a zauren dagaci ko na mai unguwa ake yin ta, wasa kuwa a dandali. Ginin da aka keɓe wa jama'a, wanda ba gidan kowa ba ne, ya fara bayyana ne da ɗakunan karatu da aka buɗe a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin mutane su riƙa jin labarin yaƙin. A nan ake ajiye Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, wanda ya iya boko ya karanta da ƙarfi, sauran su kasa kunne. A shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, manya suka shiga aji, motar majigi kuma tana zagaya ƙauyuka. Bayan garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 gine-ginen suka yawaita, wasu ma aka sa musu talbijin da janareta. Abin da na lura da shi cikin shekarun da na yi ina koyarwa a karkara shi ne, ɗakin da ɗan kwangila ya gina ya miƙa makulli ya tafi, shi ne yake fara zama ma'ajiyar taki, na gayya kuwa yakan daɗe, domin kowa yana tuna guminsa a jikin bangon.

Ba'aren Damagaram:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Mu a Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da Samariya, wato ƙungiyar samari ta gargajiya, kowane ƙauye da unguwa suna da sarkin samari, suna gina azuzuwa, suna share gari, suna wasan kwaikwayo. Da Samariyar ta yi sanyi, wuraren taronta da yawa suka bi ta, ko da yake bangonsu na tsaye.

Malamar Asibiti:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai akwai abin da maza kan tsallake. Matar aure ba ta shiga zauren dagaci ta zauna cikin dattawa, masallaci kuma ba wurin awon jarirai ba ne. A ƙauyukan da babu ɗakin shan magani, a irin wannan ɗaki muke yin allurar riga-kafi da awon ciki, a nan kuma mata suke haɗuwa kan adashi da karatun yamma. Idan kuka yanka shi duka, maza za su koma gindin bishiya, mata kuwa ba su da inda za su koma. Shawarata ita ce ku fitar da shago ɗaya tak ta bangon da ke kallon hanya, kuɗin hayarsa ya tafi ga kwano da ƙusa, sannan makulli ya zama biyu, ɗaya a hannun shugabar mata.

Ɗan Ƙauye:
Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. Zan kai maganar shago ɗaya gaban taronmu na bayan sallar Juma'a, amma batun makulli na biyu sai na fara bi ta wajen dagaci tukuna.