Yaya ake ba da labari a taƙaice a X ba tare da an firgita jama'a ba?

Malamin firamare, Unguwar Dosa:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Makon jiya da la'asar ina cikin Keke Napep a hanyar gida, sai na ga mutane suna gudu kusa da gadar Kawo a nan Kaduna, masu shaguna suna jan ƙofofinsu. Nan take na rubuta a X (wato Twitter a da) cewa a guji Kawo, ba lafiya. Bayan rabin awa ta bayyana cewa wata tankar mai ce ta fara yoyo, kuma an shawo kan lamarin. Na goge rubutun, amma washegari sai ga hotonsa a zauren WhatsApp na danginmu, babu rana babu lokaci, har gwaggona ta hana jikokinta zuwa Islamiyya. Abin ya tsaya mini a rai matuƙa. Shin akwai hanyar gyara wannan, ko shiru ya fi?

Tsohon ma'aikacin rediyo, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ba ƙarancin wurin rubutu a X ne ya cuce ka ba. Da aka buɗe Twitter a 2006, haruffa 140 kawai ake ba mutum, domin rubutun ya shiga cikin saƙon tes guda na waya, sai a 2017 aka ninka su zuwa 280, kuma ko na farkon ma sun isa a faɗi gaskiya. Abin da ya faru shi ne ka rubuta fassarar zuciyarka, ka bar abin da idonka ya gani. A garin da ya ga rikicin shekarar 2000 da na 2002, inda har yau akwai gidajen da ba su gama jimamin waɗanda suka rasa ba, duk wanda ya karanta "ba lafiya" abu ɗaya ne zai faɗo masa a rai. Da ka ce, "Talata, ƙarfe huɗu da rabi, gadar Kawo: na ga mutane suna gudu, ban san dalili ba, ban ji harbi ba," da mai tafiya ya yi hattara, gwaggonka kuma ta gane labarin jiya ne. A ɗakin labarai haka aka hore mu, wuri da lokaci su ne farko.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:

Baba ya faɗi gaskiya, amma Malam, don Allah kada ka zaɓi shiru. A daren 28 ga Maris, 2022, da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, wata matashiyar likita ta rubuta a Twitter daga cikin jirgin cewa an harbe ta, tana neman addu'a. Wasu suka ƙaryata ta, suka yi mata ba'a, daga baya aka tabbatar da rasuwarta. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Yawan labaran da ba a tantance ba ne ya sa mutane suka daina yarda ko da mai neman ceto, saboda haka muna bukatar irinku masu jin nauyin abin da suka rubuta.

Mai gyaran waya, Kasuwar Sheikh Gumi:

Yayana, gogewar ita ce kuskure na biyu, domin wanda ya ga hoton ya zo shafinka neman tabbaci ba zai tarar da komai ba. Nan gaba ka bar rubutun, ka sa gyaran a ƙarƙashinsa, sannan ka ɗauki hoton su biyun ka tura zauren da ka gan shi. Ranar kuma ka rubuta ta a layin farko, saboda masu yanke hoto sun fi datse ƙasa, inda manhajar take nuna lokaci.