Masu motocin gudu a Zariya, a ina kuke taka su?

Baban Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan da na sayi BMW M3, ƙirar E46 ta 2004, mai silinda shida, injin lita 3.2. Tun ina yaro nake mafarkinta. Amma daga Samaru zuwa PZ da ƙyar nake wuce giya ta uku, ga 'yan acaba, ga Keke Napep, ga tudun rage gudu yana kankare mata ciki. Ku da kuka riga mu, yaya kuke yi?

Ɗan Tudun Wada: Wa'alaikumus salam, Allah ya sa alheri. Tawa Marsandi C63 ce, injin V8 mai silinda takwas, lita 6.2. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai ranar Juma'a nake fito da ita. Tayoyin baya kuwa ba sa kai mini shekara.

Usta Bakanike: Alhaji, kafin maganar gudu ka duba lagireto da famfon ruwa. Zafinmu na Maris da Afrilu ba ya raga wa motar Bajamushe. Baƙin mai 10W-60 take sha, kar wani ya zuba maka na Golf. Kayan gyaran da ka rasa a Panteka ta Kaduna, ka aika kasuwar Ladipo a Legas.

Yaya Babba: Ƙanena, bari in gaya maka abin da ya raba ni da tsere. Da mu huɗu muke fita titin Kano bayan sallar asuba, muna ganin hanya ta zama tamu. Wata safiya cikin hunturu, hazo ya sauko, na wuce Kwangila na danna totur har allura ta haura 180. Kawai sai ga garken shanu yana tsallakawa, da ɗan yaro riƙe da sanda a gaba, bai fi shekara tara ba. Na taka birki, bayan motar ya kwashe, ta juya da ni sau biyu ta faɗa gefen gona. Yaron ko gezau, tsaye yake yana kallona. Na fito ƙafafuna sun kasa ɗaukata, na zauna a ƙasa ina ta salati. Har yau ina ganin fuskarsa. Dokar babban titi kilomita 100 ce a awa, kuma tun ranar ban ƙara ƙetare ta ba.

Maman Sadik: Allah ya ƙara tsarewa, Yaya. Mu a layinmu masu wasan mota ranar ɗaurin aure ne ke hana mu sakin yara waje.

Ɗan Tudun Wada: Gaskiya ce Hajiya. Ni sau ɗaya na san daɗin motata, a filin tseren Evbuobanosa na jihar Edo, da hular kwano a kaina, ba kowa a gabana. Nisan ne dai matsala.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai. Yaya, jikina ya yi sanyi. In za a sake tafiya Edo a saka da ni, mu haɗa kuɗin mai. Usta, ina tafe garejinka ranar Asabar.