Tsibin ƙasa a filin ciyawa: abin da jama'a suka ce

Salam 'yan uwa, ɗan uwanmu na unguwar Aboabo a Kumasi ya tambayi abin da ke tara tsibin ƙasa a filin ciyawa da kuma maganinsa, maganar ta yi tsawo, bari in tattara.

1. Kusan kowa ya ce a fara duba ƙasar. In ta murɗe kamar taliya, da laima, kuma da safe take fitowa bayan ruwa, kashin tana ne. Da damina a Kumasi dole su yi yawa, kuma tana gyara ƙasa take yi, a bari ya bushe a share kawai.

2. Ƙasa mai laushi da ɗan rami a tsakiya, tururuwa ce.

3. Rami kamar faɗin yatsa ga kuka da dare, gyare ne. A zuba ruwan sabulu zai fito.

4. In ƙasar ta yi tauri ka fasa ka ga fararen ƙwari, gara ce, wannan kam ni ma ta fi tayar min da hankali, a duba ƙofofi da katakon rufi tun wuri.

Inda aka rabu shi ne magani. Wasu sun ce kalanzir, da yawa suka ƙi don yana ƙone ciyawa, kuma mai rijiya a gida kar ma ya fara. Wasu toka suka ce, wasu kuma in gara ce a kira masu feshi.