Wa ya fi cancantar riƙon yaron da hukuma ta ɗauke a Kanada?

Baban Hafsat: Assalamu alaikum. Dokar da Kanada ta kafa a 2019, wadda aka fi sani da C-92, ta tsara cewa idan hukuma ta ɗauke yaron 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a can, daga gidansu, za a fara duba ko ɗaya daga cikin iyayensa zai iya riƙe shi, sannan danginsa, sannan mutanen ƙabilarsa, sannan wata ƙabilar ta 'yan asali, kafin a waiwayi kowa. A ganina siyasa aka yi da rayuwar yara. Yaron da ya fito daga gidan da ake shaye-shaye da duka yana buƙatar kwanciyar hankali da abinci da makaranta, kuma duk wanda zai ba shi waɗannan ya cancanci riƙonsa ko daga wace ƙabila yake.

Ɗalibi a Winnipeg: Wa alaikumus salam, Baba. Abin da ka kawo an riga an gwada shi a ƙasar nan fiye da shekara ɗari. Yara kusan 150,000 aka kai makarantun kwana da gwamnati da majami'u suka gudanar, inda aka hana su magana da harshensu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Daga shekarun 1960 zuwa na 1980 kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a suka kwashi dubban yara suka ba iyalan Turawa, wasu har aka ƙetare da su Amurka, duk da hujjar cewa can ɗin ya fi aminci. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa 'ya'yan 'yan asali kashi 7.7 ne cikin ɗari na yaran ƙasar, amma su ne kashi 53.8 na yaran da ke hannun mariƙa ta hanyar hukuma.

Baban Hafsat: Ɗana, wannan adadin yana iya zama hujjata ni ma, domin yana nuna cewa gidajen na cikin matsala. Ka tuna da Phoenix Sinclair, yarinya 'yar shekara biyar a Manitoba, jihar da kake zaune, wadda aka mayar hannun mahaifiyarta aka kashe ta a 2005, aka kuma yi wata tara ba a san ta mutu ba. Jini bai tsare ta ba.

Malam Lauya: Allah ya ƙara maka girma, Alhaji, amma fayil ɗin yarinyar nan yana hannun hukumar yara ta birnin Winnipeg ne, kuma binciken da aka yi bayan rasuwarta ya gano cewa an rufe fayil ɗin ba tare da ma'aikata sun gan ta da idonsu ba. Sakacin tsohon tsari ne, wanda ya riga dokar da muke magana a kai da shekara goma sha huɗu. Akwai kuma abin da yake ƙarƙashin adadin da aka kawo. A 2007 Cindy Blackstock, mai fafutukar kare haƙƙin yaran 'yan asali, da ƙungiyarta, tare da majalisar shugabannin ƙabilun, sun shigar da ƙara, kuma a Janairun 2016 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Kanada ta yanke hukunci cewa gwamnatin tarayya ta nuna wa yaran wariya. Yadda ake biyan kuɗin shi ne abin mamaki: idan an ɗauke yaro, gwamnati tana biyan kuɗin riƙonsa gaba ɗaya, amma kuɗin taimakon iyali kafin abu ya lalace ƙalilan ne kuma a ƙayyade. Ma'aikaciyar da ta tarar da uwa ba ta da abinci ko wurin kwana, hanyar da za ta samo wa yaron kuɗi ita ce ta raba shi da uwarsa. A 2023 kotun tarayya ta amince da diyyar da ta haura dalar Kanada biliyan 23.

Maman Sadiq: Na yarda da batun kuɗin, amma ina da abin faɗa ga ɓangarorin biyu. Mu da muka tashi cikin al'adar riƙo mun san cewa gwaggo ko kaka tana ɗaukar yaro ba tare da takarda ba, ya girma ya san asalinsa da kushewar kakanninsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mun kuma san ɗan riƙon da ya zama ɗan aike a gidan kawunsa, kowa ya gani ya yi shiru saboda kada zumunci ya ɓaci. Damuwata ita ce ƙaramin gari inda ma'aikaciyar da za ta binciki gida 'yar ƙanwar maigidan ce. Wa zai tona?

Ɗalibi a Winnipeg: Tambayar tana da nauyi, Mama, kuma ba na ce an gama warware ta ba. Sai dai ki duba abin da mutanen Nisichawayasihk, wata al'ummar ƙabilar Cree a arewacin Manitoba, suka ɓullo da shi. Idan iyaye sun bugu ko rikici ya tashi, iyayen ake fitarwa daga gidan, yaran su zauna a ɗakinsu tare da kaka ko wani amintacce, su ci gaba da zuwa makarantarsu, iyayen kuma ba za su dawo ba sai sun cika sharuɗɗan da aka gindaya musu. Wannan ai ba rufa asiri ba ne, domin duk garin zai san wanda aka fitar. Hukumar da ke nesa ba za ta iya yin haka ba, saboda gidajen da yawa mallakar al'ummar ne, kuma dattawanta ne suke da bakin faɗa a ji.

Malam Lauya: Ƙari a kan haka, jerin fifikon da Alhaji ya karanto yana ƙarƙashin sharaɗi, wato ya dace da maslahar yaron, kuma dokar ta sa tsaron lafiyarsa a gaba. Ta kuma hana a ɗauke yaro don talauci kaɗai ko rashin gida mai kyau. Gwamnatin jihar Kebek ta ƙalubalanci dokar, amma a Fabrairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita baki ɗaya. Al'ummar Cowessess da ke Saskatchewan ce ta fara ƙulla yarjejeniya da gwamnatoci a 2021 domin ta gudanar da dokarta ta kanta.

Baban Hafsat: Batun fitar da iyaye ban taɓa jin sa ba, kuma ya burge ni. Amma har yanzu ban sauka daga matsayina ba a kan wuri guda. Yaron da aka kai gidan baƙi tun yana jariri, ya shekara shida yana kiran matar gidan uwa, sai wata gwaggo da bai taɓa gani ba ta bayyana daga nisan kilomita ɗaruruwa. Dokar ta ce a riƙa sake duba yiwuwar mayar da shi ga danginsa. Malam, idan kai ne alƙali, ka ɗauke shi?

Malam Lauya: Dokar ta umarci alƙali ya auna ƙarfin shaƙuwarsa da mai riƙon nasa, don haka ba zan ɗauke shi a rana ɗaya ba. Zan fara tambayar hukumar abin da ya hana ta neman gwaggon nan tun yana ɗan wata uku.