An yi mana alkawari da baki, yanzu ga jan fenti a jikin itatuwa. Ina mafita?

Malamin Aji Shida:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga irin wannan fafutuka, don ni dai kaina ya ɗaure.

Akwai wani daji bayan inda nake koyarwa, tsauni ne da kurmi a gindinsa. Mota ba ta shiga, sai 'yar turbar ƙafa da ke bin gefen rafi. Shekara 11 ke nan ina kai ɗalibai su ga inda ruwan ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse. Bara muka ji ƙishin-ƙishin za a yanka hanya ta ratsa shi, a ba masu katako. Muka haɗu mu tara, muka bi gida-gida, muka cika shafi 23 da sa hannu da dangwale, muka kai wa wani babba a ofis. Mutumin ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce muddin yana kan kujerar nan ba mai taɓa ko ganye ɗaya. Har hoto muka ɗauka da shi.

Ran Asabar da ta wuce na shiga dajin, sai ga jan fenti a jikin manyan itatuwan, alamar za a sare su. Na ƙirga 40 na gaji. Wasu ma bai bushe ba, da na shafa ya kama mini yatsa. Da na bincika, ashe an yi wa babban namu canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya ce shi bai ga wata takarda ba. Kwafi ma ba mu ajiye ba, wannan wautarmu ce.

To don Allah, ta yaya talakawa ke sa a kare daji da doka? Akwai inda aka taɓa yi aka dace, ko takalmanmu kawai muke kashewa?

Tsohon Malamin Daji:

Wa alaikumus salam Malam. Na yi aikin daji har na yi ritaya, kuma abin da ya same ku na gan shi ba sau ɗaya ba. Babban naku ba lallai ne ƙarya ya yi muku ba. Alkawarinsa a jikin kujera yake, ya tashi ya tafi da abinsa.

Ba ku kuka fara ba. A Amurka, tun 1924 hukumar gandun dajinsu ta keɓe dajin Gila a New Mexico bisa shawarar wani ma'aikacinta, Aldo Leopold, aka ce ba hanya ba gini. Daga baya aka keɓe wasu da yawa. Amma duk umarnin ofis ne, alƙalamin da ya rubuta shi ne ke gogewa. A 1957 aka wayi gari an zare eka 53,000 daga dajin Three Sisters a Oregon don a sari katako. Irin wannan ne ya sa wani mutum, Howard Zahniser, ya ce a daina roƙon shugabannin ofis, a nemi dokar majalisa. An gabatar da ƙudurin a 1956. Sau 66 ana sake rubuta shi, shekara takwas ana ja. Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu ran 3 ga Satumba 1964, Zahniser kuwa ya rasu a watan Mayun shekarar, bai gani ba. Dokar ta fara da eka miliyan 9.1, yau sun haura miliyan 111.

Ga inda nake so ka lura. Masu adawa da dokar su suka nace cewa ba za a ƙara ko da daji ɗaya ba sai majalisa ta zauna ta amince, a tunaninsu hakan zai sa abin ya yi tafiyar hawainiya. Sai reshe ya juye da mujiya. Tunda majalisa ce mai ƙarawa, ba sai an jira hukuma ta ga dama ba, mutanen kowane ƙauye za su iya zana taswirarsu su kai wa ɗan majalisarsu. Wani mai shago a Montana, Cecil Garland, haka ya yi da aka ce za a yanka hanyoyi a dajin bayan garinsu. Masu cin abinci da katako suka ƙaurace wa shagonsa, bai fasa ba. A 1972 majalisa ta kare wurin da sunan Scapegoat, kusan eka 240,000, kuma shi ne na farko da jama'ar gari suka nema da kansu ba hukuma ta kawo ba.

Yanzu in tambaye ka, Malam: a shafi 23 ɗin nan, akwai taswira? In wani ya ce nuna mini inda dajin ya fara da inda ya ƙare, za ka iya? Doka ba ta san "dajin bayan makaranta" ba. Iyaka ta sani, daga wannan dutse zuwa wancan rafi, da lambobi. Ku nemo wanda ya fi kowa sanin dajin, galibi tsohon mafarauci ne, ku zagaye iyakar da ƙafa kuna ɗaukar lambobin wuri da waya. Ku bincika a hannun wa ƙasar take a takarda, domin wani lokaci za ka tarar tun tuni an taɓa keɓe wurin, turakun simintin iyaka na nan ciyawa ta rufe su. Duk takardar da za ku kai kuma, ku yi ta biyu, a buga wa taku hatimin an karɓa da kwanan wata. Hoto da babba ba hujja ba ce.

Uwar Biyu:

Baba ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya, amma ni akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Malam, su wa suka sa hannu, kuma me aka gaya musu suna sa wa hannu? Matan da ke shiga ɗebo busasshen icce da saiwar magani, an tambaye su? Masu kai dabbobi rafin nan da rani fa?

Dokar Amurkan nan da ake yabo, ma'anar da ta ba dajin shi ne wurin da mutum baƙo ne, ya zo ya wuce. To dazuka nawa ne a duniya ba su da masu su? A 1959 an fitar da makiyayan Masai daga dajin Serengeti da ke Tanzaniya ta yau da sunan kare namun daji, har yau maganar ba ta mutu ba. In kuka nemo dokar da za ta mai da maƙwabcin daji ɓarawo a inda kakansa ya yi kiwo, ranar da masu zarto suka zo da dare zai ji ƙarar injin ya gyara kwanciya.

Ku duba waɗanda suka tsaya wa daji da jikinsu. A ƙauyen Reni na Indiya, cikin Maris 1974, masu saran itace sun zo ranar da mazan garin suka tafi karɓar diyya. Gaura Devi ce ta tara mata 27 suka shiga tsakanin gatari da itatuwa har ma'aikatan suka juya. Ba don kyan gani suka yi ba, dajin ne rumbunsu, kuma sun ga yadda ambaliya ke cin ƙauyuka in aka aske tsauni. A 1980 aka hana saran ɗanyen itace a tsaunukan yankin na shekara 15. A Burazil kuma masu tatsar roba, su Chico Mendes, da matansu da 'ya'yansu suke zuwa su tsaya gaban masu share daji. Su ba cewa suka yi a kulle dajin ba. Cewa suka yi ƙasar ta zama ta gwamnati don kada a sayar, amfaninta kuma ya zama na mazauna ciki, sara da ƙonawa su ne haram. An harbe Chico Mendes a gidansa ran 22 ga Disamba 1988, a 1990 aka kafa irin wannan gandun da sunansa, kusan hekta miliyan ɗaya.

Malamin Aji Shida:

Hajiya kin taɓo ni inda ke ciwo. Ni na rubuta takardar, kuma abin da na sa shi ne "a hana kowa shiga". Da muna zagayawa cewa muke yi a sa hannu don a kori masu katako, ba wanda ya karanta. Makiyayan kuwa ko sallama ba mu yi musu ba, don wasu cikinmu na ganin su ma ɓarna suke yi. Baba, taswira babu.

Ba Ruwana:

Ku yi ta wahala. Gandun daji nawa ne ke da doka da allo a bakin hanya, ka leƙa ciki ka tarar da gonaki da ramukan gawayi? Mai kuɗi in ya so itace sai ya sara.

Ɗalibar Shari'a:

Ba Ruwana, ba ka yi ƙarya ba, amma dajin da ke da doka in an sare shi akwai wanda za a kai ƙara. Wanda ba shi da ita, mai saran ne ma zai kai ka.

Malam, ni a ganina faɗa biyu ne a gabanku kuna ɗaukarsu ɗaya. Dokar kariya aikin shekaru ce, fentin nan kuwa na makonni ne. Na gaggawa shi ne ku rubuta ku nemi a nuna muku lasisin saran, da rahoton nazarin illar aikin ga muhalli, wanda ƙasashe da dama ke wajabtawa kafin a yanka babbar hanya, tare da jin ta bakin mazauna wurin. Sau da yawa a nan ake kama su, ko ba a yi ba, ko an yi a ɗaki. In akwai giɓi, lauya zai iya neman kotu ta dakatar da aikin kafin a saurari ƙara. Ku ɗauki hoton kowane icce mai fenti da kwanan wata da lambar wurinsa. Kada ku kankare fentin, kada ku taɓa injin kowa, don da zarar kun yi labarin ya tashi daga daji ya koma kanku.

Sa hannu kuma ba banza ba ne in ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A 2016 gwamnatin Kuros Riba ta soke haƙƙin mallakar ƙasa kilomita 10 a kowane gefe na wata babbar hanya mai tsawon kilomita 260 da take son ginawa. Mutanen Ekuri, masu kula da dajinsu da kansu, da abokan tafiyarsu suka tara sa hannu sama da 250,000, suka kai gwamnatin tarayya, don ita ke da ikon amincewa da rahoton muhallin. Cikin Fabrairu 2017 jihar ta janye batun kilomita 20 ɗin. Haka a jihar Tasmaniya ta Ostireliya, gwamnatin jihar ta dage sai ta gina madatsar da za ta nutsar da kogin Franklin. An kama mutum sama da 1,200 a zaman tare hanya da aka fara a Disamba 1982, amma abin da ya kashe aikin shi ne sun mai da maganar ta zaɓe, sabuwar gwamnatin tarayya ta Bob Hawke ta yi doka, babbar kotun Ostireliya ta tabbatar da ita ran 1 ga Yuli 1983, alƙalai huɗu suka rinjayi uku. In ƙofar ƙasa ta rufe, ku duba wa ke sama da ita.

Malamin Aji Shida:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da yamma na je wajen makiyayan ni kaɗai. Dattijonsu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi tun makon jiya ya ga masu fentin, ya san ta inda suka shigo da inda suka ajiye mota, ba wanda ya tambaye shi ne. Ya yarda ɗansa ya raka mu zagayen iyaka ran Asabar tare da wani tsohon mafarauci. Sharaɗinsa ɗaya, a rubuta cewa shanu za su ci gaba da shan ruwa a rafin da rani.

A nan aka samu matsala. Biyu daga cikin mu tara sun ce in aka sa wannan za su fita, wai kofato ne ke rushe bakin maɓuɓɓugar, kuma ba ƙarya suka yi ba, na ga wurin da idona. Baba, a aikinku kun taɓa ware mashaya can ƙasan rafi, a killace idon ruwan shi kaɗai? In ana yi, taku nawa ake bari tsakani, kuma wa ke gyara shingen in ya faɗi?