Wa ya taɓa aika samfuri a yi masa GC-MS?

Malami, Katsina:
Assalamu alaikum. Shekarata huɗu ina koyar da kemistiri, ɓangaren tantance sinadarai. Ɗalibaina na ajin ƙarshe kowa so yake a ga GC-MS (na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri ta tantance su) a aikinsa, amma a mota muke aika samfurin zuwa Zariya ko Kano, mu zauna jiran takarda. Wanda ya bi wannan hanya ya ba mu labari.

Ɗalibar digiri na biyu, Daura:
Malam, ni na sha kunya. Na tace ganyen zogale da methanol, na zuba a robar ruwa da na wanke tas, na ba direba a tasha. Sakamako ya dawo da wani dogon tsauni a jikin zanen, alamarsa m/z 149 (lambar nauyin ɓarɓashin sinadarin), kwamfuta ta ce phthalate ne, sinadarin da ake sa wa roba. Na zauna na rubuta shafi biyu kan wannan "sinadarin zogale". Mai duba aikina ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "'Yata, robarki kika gwada." Methanol ne ya tsotso shi daga jikin robar. Tun ranar sai kwalbar gilashi, kuma ina haɗawa da methanol zalla a gwada shi gefe.

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ku da ke aikowa kuna ganin mu muke ja muku rai. Na'urar nan sai an zuƙe iskar cikinta take aiki. In aka ɗauke wuta famfon ya tsaya, bayan an dawo da ita sai a yi awanni kafin na'urar ta daidaita, wani lokaci sai washegari. Ga tukunyar iskar helium da na'urar ke aiki da ita, wadda ba a samunta a kasuwar gari. Abin da ya fi ci min rai kuwa shi ne yadda ake yarda da sunan farko da ɗakin bayanan NIST, wato rumbun da kwamfuta ke kwatanta sakamako da shi, ya kawo. Kamanni kawai kwamfuta ta gani a yadda sinadarin ya farfashe a 70 eV, wato ƙarfin da na'urar ke fasa shi da shi. Na ga wanda ya wallafa m/z 207 da 281 a matsayin magani, alhali ɓarɓashin kolum ɗin ne da kansa, wato siririn bututun da samfuri ke bi a cikin na'urar.

Malama, Dutsin-Ma:
Ni wake ne ya riƙe ni a fagen nan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda dichlorvos, wato maganin ƙwarin da ake zuba wa buhu. Waken da muke ci ne a gida. Ƙarin girma kuma sai da wallafa, kuma mujallar kirki za ta nemi ka tabbatar da sinadari ta hanyar kwatanta shi da na asali zalla, ba takardar kwamfuta kaɗai ba. Da na samu kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, sinadaran asali na fara saya.

Malami, Katsina:
Na gode ƙwarai. Baba na ɗakin gwaji, in ɗalibi ya biyo samfurinsa da kansa, kuna barinsa ya tsaya ya ga yadda ake allurar samfurin cikin na'urar?