Abin da na tsinta a hirarmu kan kalmar asham

To, a taƙaice shawarar da aka fi nanatawa ita ce kar ka ga asham a Ibrananci ka ce zunubi kawai ka wuce. Kalmar tana ɗauke da laifin da kuma biyan da ya hau kanka, har ragon hadayar da ake kawowa saboda laifin ma sunansa ke nan.

Wai a fara da Littafin Firistoci na Attaura, sura 5 da 6, wanda ya ci amana ko ya tsinci kaya ya rantse bai gani ba, sai ya mayar da abin cif ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo rago. Ni dai wannan ƙarin ne ya burge ni, istigfari ba ya share bashi.

Masu Larabci kuma suka ce a kwatanta da ithm, wato zunubi a Larabci, tushensu ɗaya.